Kiran bidiyo zuwa Madarunfa: data ce za ta fara ƙarewa ko caji?

Ga ɗan Madarunfa da ke ci-rani a Legas ko Libiya, kiran bidiyo ne hanyar ganin fuskar mahaifiya. Idan hoto ya daskare, rezo ake ɗora wa laifi. Sai dai akwai wani ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba: yadda waya ke matse hoto kafin ta tura shi.

Bidiyo ɗanye ya fi ƙarfin layin Airtel, Moov ko Zamani, don haka dole manhaja ta rage masa nauyi. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne H.264, wanda ya fito a 2003. H.265 ya biyo baya a 2013 da nufin rage data da kusan rabi, amma rikicin kuɗin lasisi ya hana shi karɓuwa sosai a kiran bidiyo. Google ya fitar da VP9 kyauta a shekarar, sannan a 2018 gamayyar kamfanoni irin su Google, Microsoft da Netflix ta fito da AV1, wanda ya fi su H.264 da VP9 tsimin data.

Kowa zai ce AV1 ne ya dace da ƙauyukan da ke gefen tafkin Madarunfa, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa. Matsalar ita ce, matsewa mai ƙarfi lissafi mai yawa take buƙata. Kusan kowace waya, har masu araha irin su Itel da Tecno, tana da ɓangare na musamman da ke sarrafa H.264 ba wahala. Yawancinsu ba su da irinsa na AV1, sai ƙwaƙwalwar wayar ta ɗauki nauyin, ta yi zafi, batir ya zube.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da ya daɗe yana dogaro da wutar Najeriya, wadda aka katse bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma mutanen karkara da yawa sai sun biya mai caji.

Manhaja ce ke zaɓen tsarin, gwargwadon ƙarfin wayoyin biyu. Saboda haka mai aiko da kuɗin data kowane wata ya duba wayar da ke hannun tsohuwa a gida: ita ce ke yanke irin hoton da zai gani.