Sharhi: Abin da "sabuntawa" ke ci wa masu haɗa manhaja daga Damagaram zuwa Kelle

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa tsarin Windows 10, shekara goma bayan fitowarsa. Kwamfutar da ke kan wannan tsari tana nan tana kunnuwa kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne gyaran da kamfanin ke turowa kyauta duk wata domin toshe kafofin da masu kutse ke bi.

A ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa kuma intanet ke da arha, mafita ba ta wuce danna maɓalli ko sayen sabuwar na'ura ba. A jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar kuwa lissafin daban ne, musamman ga matasan da suka ɗauki haɗa manhaja a matsayin sana'a, waɗanda kwamfuta ce gonarsu kuma ita ce fartanyarsu.

Garin Kelle ya isa misali. Ƙaramar hukuma ce a gundumar Gure, cikin tsaunukan Kutus, inda jama'a suka dogara ga noma da kiwo. Gure kanta tana da nisan kusan kilomita 160 gabas da birnin Damagaram, a kan babbar hanyar da ta nufi Diffa. Irin wannan wuri ne ya fi buƙatar manhajar da za ta riƙe lissafin bashin mai shago, ko rajistar allurar rigakafi, ko farashin gero da na awaki ranar kasuwa. Kuma a irin wannan wuri ne ya fi wuya a zauna a haɗa ta.

Kalandar da aka tsara a wata duniya

Mai haɗa manhaja ba shi ke zaɓar ranar da zai sabunta kayan aikinsa ba. Manyan kamfanoni ne ke tsayar da rana, shi kuwa ya bi.

Windows 11 na buƙatar wata na'urar tsaro a cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0, sannan a ɓangaren Intel sai injin zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ke shigowa ta Kwatano da Legas, su bi ta titin Beirut a Kano, su ƙarasa kasuwar Dole a Damagaram, sun girmi wannan sharaɗi. Suna da rai, amma ƙofar ta rufe musu.

Microsoft ya buɗe wata kafa ta ƙarin wa'adi ga ɗaiɗaikun mutane zuwa 13 ga Oktoban 2026, ko dai a biya dala 30, ko a haɗa kwamfutar da asusun kamfanin a adana saitinta a can. Wannan jinkiri ne kawai na shekara guda.

Google ma na da tasa kalandar. Daga 31 ga Agustan 2025, duk sabuwar manhaja ko gyaran tsohuwa da za a ɗora a Play Store sai an gina ta daidai da Android 15. Kowace shekara ana ɗaga wannan mataki. Wanda ya bari ya yi nisa a baya, masu sababbin wayoyi za su daina ganin manhajarsa a shagon.

Cika sharaɗin na nufin sauke sabon Android Studio, manhajar da ake gina manhajojin Android da ita. Ita kaɗai ta haura gigabait ɗaya, kafin a zo ga kayan haɗinta da ke cin wasu gigabait ɗin. Tana kuma son kwamfuta mai RAM aƙalla gigabait 8, ko 16 idan za a kunna wayar gwaji ta cikin kwamfuta. Fayil ɗin girka Windows 11 kuwa ya haura gigabait biyar. Ga mai sayen data da kati a garin da rezo ke zuwa yana komawa, saukewar da ta katse a kashi 90 cikin 100 asarar kuɗin cefane ce.

Wuta da rezo

Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, kuma a karkara adadin ya yi ƙasa da haka sosai.

Ko masu ita ma sun ga iyakarta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar a farkon Agusta, a cikin takunkumin ECOWAS. A lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, kuma Maraɗi da Damagaram na sha ne daga layin da ya taso daga Katsina. Sai a Maris ɗin 2024 aka maido da ita, bayan ɗage takunkumin a watan Fabrairu.

A cikin wannan wata na Maris, ranar 14, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Nijar ba ta da teku, ta ƙasashen maƙwabta intanet ɗinta ke biyowa, don haka ita ma ta ji a jikinta.

Tun daga nan an samu ci gaba guda biyu. A watan Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta sanya hannu da Starlink, kamfanin intanet ta tauraron ɗan'adam na Elon Musk, ya kuma fara aiki a ƙasar a Maris ɗin 2025. A Nuwamban 2025 kuma aka karɓi aikin shimfiɗa wayar fayiba ta fiye da kilomita 1,000 da Bankin Raya Afirka ya tallafa, ciki har da layin Damagaram zuwa Magarya har iyakar Najeriya.

Starlink na da muhimmanci ga gari kamar Kelle, domin kwanon ba ya jiran a kafa turken sadarwa kusa da shi. Sai dai kuɗin sayensa ya ninka mafi ƙarancin albashin ƙasar, sefa 42,000 a wata, sau da dama, ga kuɗin wata-wata, ga wutar da zai sha. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ba shi da faifan sola da batir, kwanon ado ne kawai a kan rufi.

Ƙofar biyan kuɗi

Akwai shinge na uku da ba a cika maganarsa ba. Rajistar mai haɗa manhaja a Play Store dala 25 ce sau ɗaya. Ta Apple dala 99 ce duk shekara, kuɗin da ya haura mafi ƙarancin albashin wata a Nijar. Duka biyun da katin banki na ƙasa da ƙasa ake biya.

A Nijar kuwa hada-hadar yau da kullum ta fi bi ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, da kuma asusun wayar salula. Matashi na iya riƙe da kuɗinsa a hannu, amma sai ya nemi ɗan'uwa a Yamai ko a ƙetare ya biya masa. Takwarorinsa na Kano da Katsina sun san wannan ciwo: tun 2022 bankunan Najeriya da dama suka rufe biyan kuɗi a waje da katin naira, sai a Yulin 2025 wasunsu suka sake buɗewa.

Bayan biya ma da saura. Sabon asusun mutum ɗaya a Play Store sai ya samu masu gwaji 12 da za su riƙe manhajar kwana 14 a jere kafin a ba shi damar fitar da ita ga jama'a. Da farko 20 ne, aka rage a ƙarshen 2024.

Saboda irin waɗannan shingaye, manhajoji da yawa na gida ba sa bi ta shagon Google. Hannu da hannu suke yawo, ta Xender ko Bluetooth ko WhatsApp ko katin memori a wurin masu cajin waya. Wannan hanya ma ta kusa samun mai gadi. A Agustan 2025 Google ya sanar cewa zai buƙaci a tantance duk mai haɗa manhajar da za a girka a wayoyin Android masu rajista, ko da ba ta shagonsa ta biyo ba. Za a fara a Satumban 2026 a Brazil da Indonesiya da Singafo da Tailan, sauran duniya kuma daga 2027.

Hujjar kamfanin ita ce yaƙi da 'yan damfara, kuma duk wanda aka taɓa kwashe wa asusu ta manhajar bogi ya san matsalar gaskiya ce. Bayan ƙorafi, Google ya ce zai ware sassauƙan asusu ga ɗalibai da masu koyo, ya kuma bar wata hanya ga ƙwararrun masu amfani da waya. Duk da haka, wanda ke son manhajarsa ta yaɗu a ƙauyuka zai buƙaci takardun shaida da rajista nan gaba kaɗan.

Dabarun da yanayi ya koyar

Idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Akwai kayan aikin da suka dace da irin wannan yanayi, kuma mafi yawansu kyauta ne.

Na farko shi ne Linux. Tsare-tsare irin su Ubuntu da Linux Mint na tafiya lafiya a kan kwamfutar da Windows 11 ta ƙi, suna samun gyaran tsaro, kuma Android Studio da VS Code duk suna aiki a kansu. Filashi ɗaya ya isa a girka wa mutum goma.

Na biyu shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Yana adana tarihin kowane canji a cikin kwamfutar mutum ba tare da intanet ba, sai ranar da rezo ya samu a tura zuwa GitHub. Wanda batirinsa ya mutu a tsakiyar aiki ya san darajar wannan.

Na uku, a maimakon wayar gwaji ta cikin kwamfuta mai cin RAM, a jona waya ta gaske da igiya. Ribar biyu ce, domin wayoyin da ke hannun jama'a, irin su Tecno da Itel da Infinix masu ƙaramin wuri, su ne alƙalan gaskiya. Manhajar da ta yi gudu a babbar waya tana iya sandarewa a kansu.

Na huɗu shi ne gina manhajar da ke aiki ko babu rezo: ta adana bayanai a cikin waya da SQLite, ta tura daga baya. A kan wannan tsari aka gina ODK da KoboToolbox da ma'aikatan lafiya da na ƙungiyoyin agaji ke tattara bayanai da su a karkara. Ga masu ƙananan wayoyi kuma har yanzu babu kamar saƙon tes da lambobin da ake dannawa da tauraro.

Na biyar shi ne rashin gaggawar sabuntawa a tsakiyar aiki. Ranar 19 ga Yulin 2024 gyara ɗaya mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Gyaran tsaro wajibi ne, amma mai hankali kan adana kwafin aikinsa tukuna, ya kuma ajiye tsohon zubi kusa.

Sai matsalolin da littattafan koyarwa na waje ba su san da su ba. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 na sa kwamfuta rage gudu ko mutuwa, ƙurar hunturu kuma na toshe fankarta. Rubutun Hausa ma na da tarkonsa. Idan ba a saita ma'adanar bayanai a kan UTF-8 ba, haruffan ɓ da ɗ da ƙ kan rikiɗe su koma alamar tambaya. A Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya kuma 'y, don haka wanda ya nemi suna da rubutun Kano ba zai same shi ba idan da rubutun Damagaram aka shigar. Ɗigon saman nan na sunaye irin su Sa'adatu ko Isma'il kuwa ya sha karya manhajar da ba a rubuta da kula ba. Ɗan gida ne ke hango irin wannan tun kafin ta faru, kuma a nan fifikonsa yake.

Wa ya kamata ya yi me?

Abin da ke cikin hatsari ya wuce jin daɗin masu sana'ar. Duk lokacin da kayan aiki suka fi ƙarfin gari, mai basira kan tattara ya nufi Yamai ko Kano ko Abuja, wani ma ya ƙetare. Daga can, matsalar masu biyansa zai warware, ta makiyayin Kutus kuma ta ci gaba da jira.

Hukumomi na da tubalin farawa. Akwai hukumar ANSI da shirin ƙauyuka masu fasahar zamani da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 100 a 2020, akwai cibiyar renon ƙananan kamfanoni ta CIPMEN, akwai Jami'ar André Salifou a Damagaram. Ɗaki ɗaya mai sola da intanet a kowane babban garin gunduma, da ma'ajiyar da aka sauke manyan fayiloli sau ɗaya kowa ya kwafa, zai rage wa matasa kashe data fiye da taron bita goma. Haka kuma samar da halastacciyar hanyar biyan ƙananan kuɗaɗe a waje daga asusun waya.

'Yan ƙasa mazauna ƙetare su ma da rawarsu, domin da yawa daga cikin kwamfutocin da ƙannensu ke koyo da su daga hannunsu suke fitowa. Kafin a saka na'ura a kaya, a duba abu huɗu: injin Intel zubi na takwas ko sama, RAM aƙalla gigabait 8 da wurin ƙari, ma'adana irin ta SSD, da batir mai rai. Idan da hali a haɗa da na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta. Wanda kuma ya riga ya aika tsohuwa, kada a jefar da ita, a girka mata Linux.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarin wa'adin Windows 10 zai ƙare a Oktoban 2026, tantancewar Google kuma za ta fara faɗaɗa zuwa sauran ƙasashe daga 2027. Wanda ke haɗa manhaja domin mutanen Kelle da Gure na da wannan tsakanin ne ya gyara na'urarsa, ya haɗa takardunsa, ya kuma yi rajista da sunansa.