Harshen Mutum Miliyan 80 Na Jiran Tafinta a Ƙofar Ofis

Tun zamanin Babban Taron Ƙasa na 1991 akwai wata hujja da wasu manyan ma'aikata ba su gajiya da maimaitawa duk lokacin da aka ta da maganar harshen aiki: wai Faransanci harshen duniya ne, Hausa kuwa harshen kasuwa da gona. Sai su ɗauko jerin harsunan da suka fi yawan masu magana a duniya su kafa shi shaida. To, tunda sun amince da wannan jeri, ya kamata a karanta musu shi daga sama har ƙasa, kada a tsaya inda suka ga dama.

Ingilishi ne a kan gaba, da mutane kimanin biliyan 1.5 in an haɗa da waɗanda suka koye shi daga baya. Sinancin Mandarin na biye da fiye da biliyan 1, sannan Hindi da Sifaniyanci, kowanne sama da miliyan 500. Faransanci, bisa ƙidayar da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da shi ta fitar a 2022, yana da miliyan 321. Ba a musun girmansa. Amma a cikin jerin nan ɗaya Hausa na zaune tsakanin manyan harsuna 25 na duniya, da masu magana fiye da miliyan 80. Ta fi Italiyanci yawan jama'a. Danmak, wadda mutanenta kimanin miliyan 6 ne kacal, da harshenta take karɓar haraji, da shi take yanke shari'a, kuma ba a taɓa jin an kira ta ƙauye ba.

Idan aka dawo gida lissafin ya fi muni. Ƙungiyar nan da kanta ta ƙiyasta cewa masu jin Faransanci a Nijar kusan kashi 13 cikin ɗari ne, alhali fiye da rabin ƴan ƙasa da Hausa suka buɗe baki, ban da ɗimbin waɗanda suka koye ta a kasuwa da tasha. Duk da haka kundin tsarin mulki na 1992 da na 2010 sun ajiye Faransanci a matsayin harshen hukuma tilo. Wannan ba lissafin yawan jama'a ba ne. Katanga ce da ƴan tsiraru suka gina suka riƙe mabuɗinta.

Duk mai son ganin wane harshe ne na duniya a jahar Maraɗi, ya bi babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji da Tsibiri, ta wuce Cadawa da Agye ta kai Gazawa. Ɗan kasuwar da ya loda aya ko wake a Cadawa yana ƙetare iyaka ta Ɗan Isa, ya wuce Jibiya da Katsina, ya sauke a Dawanau ta Kano ba tare da ya furta kalmar Faransanci ko ɗaya ba. Da Hausa yake ciniki a zangon Kumasi, da ita yake samun masauki a Sudan. Faransancin da aka ce masa shi ne ƙofar duniya, a shingen duwan yake ƙarewa. Manyan ƙasashe sun daɗe da gane haka: BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Amurka a 1979, ita kanta RFI ta Faransa ta bi sahu a 2007. Abin da Paris ta yarda da shi, Yamai ta ɗauki shekaru tana jin kunyarsa.

Kuma kada a ɗauka maganar alfahari ce kawai. A gundumomin Agye da Gazawa jama'a ta yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, rigimar iyaka da ta gado ba ta ƙarewa. Dokar filayen karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye domin a ba manomi takardar shaidar gonarsa. Amma takardar da mai ita ba ya iya karantawa, wa take karewa? Manomi ya dangwala yatsa a kan abin da aka faɗa masa, ba abin da ya gani ba. Haka takardar lampo, haka ta patanti, haka sammacin kotu. A zamanin Nasara tafinta ne sarkin da ba shi da rawani, domin abin da ya ga dama shi kwamanda ke ji. An samu ƴancin kai a 1960, amma kujerar tafinta ba ta tashi ba. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 kansiloli sun riƙa muhawara da Hausa, a rubuta sakamakon da harshen da yawancinsu ba sa karantawa.

A lakkwal ma labarin ɗaya ne. Tun 1973 aka fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan ƙasa, aka shekara ashirin da ɗoriya ana kiransu gwaji. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a aji, dokar 2001 ta jera harsuna goma ta ce a bunƙasa su. Dokoki sun taru, littattafai da horarrun malamai ba su taru ba, aka bar yaron Gangara yana kokawa da baƙi da baƙon harshe lokaci guda.

A watan Maris na 2025 Nijar ta ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar da aka aza harsashinta a Yamai ranar 20 ga Maris 1970, zamanin Diori Hamani. A watan nan kuma sabon kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya mai da Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Masu murna suna da hujja. Sai dai su lura: da Faransanci aka rubuta kundin da ya naɗa Hausa. Rawani ba ya mulki sai da fada.

Akwai kuma gargaɗi ga masu zumuɗi. Bazabarme da Bafulatani da Buzu da Babarbare da Tubu ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya mai da Hausa sabuwar bulala a kansu ya gaji Nasara ke nan, bai kore shi ba. Makiyayin da ke ratsa gonakin Gidan Rumji yana da haƙƙin a karanta masa dokar burtali da harshensa. Ba a kuma ce a jefar da Faransanci ko Ingilishi ba. Mai neman ilimin likita ko cinikin ƙetare yana buƙatarsu.

Abin da ake nema a fili yake. Takardun filaye, na haraji da na duwan su fito da harsuna biyu. A ɗauki tafintoci masu rantsuwa a kotuna, a biya su daga baitulmali maimakon aljihun mai ƙara. Ma'aikacin da aka turo Agye ko Gazawa a gwada shi da harshen mutanen da zai yi wa aiki. A sa kuɗin littattafai da horon malamai cikin kasafi, da adadi, yadda za a iya bin sawunsu. Ranar da manomin Gazawa ya karanta takardar gonarsa da idonsa kafin ya sa hannu, ranar ce Hausa ta shiga ofis. Kafin nan, matsayinta a jerin harsunan duniya ba zai hana a cuce shi ba.