Yarintar Manzon Allah (SAW) a Alƙalamin Marubuta: Ina Iyakar Ƙirƙira?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A shekarar 1933 marubucin nan na Masar, Ɗaha Husaini (1889-1973), ya fitar da juzu'in farko na littafinsa Ala Hamishis Sira, inda ya zuba labarin Abdulmuɗɗalib da Abdullahi da Amina da haihuwar Manzon Allah (SAW) cikin salon ƙagaggen labari. Duk wanda ya ɗanɗana Larabci, idan ya karanta shi, zai sallama cewa alƙalami ya yi aiki. Sai dai daɗin salo ba ya zama hujja a kan abin da ya shafi Annabi.

Marubucin ya bayyana a gabatarwarsa cewa ba don malamai ko masana tarihi ya rubuta ba, kuma ya sake wa kansa linzami wajen ƙirƙira, sai inda magana ta taɓa zatin Annabi ko wani sashe na addini. Wannan sharaɗi abin yabo ne, amma a ganina bai wadatar ba. Idan aka sanya wa Amina kalaman da ba a ruwaito ba, aka siffanta abin da ke ɗarsuwa a zuciyar kakansa, to an riga an zana wa yaron da ke tsakaninsu hoto. Mai karatu kuwa ba shi da alamar da zai gane inda ruwaya ta tsaya, tunanin marubuci ya ɗauka. Bayan shekaru sai ya manta littafin, ya riƙe labarin, wata rana ya faɗe shi a makarantar Islamiyya a matsayin sira.

Abin da aka sani game da wannan zamani kaɗan ne. An haife shi a Shekarar Giwa, wajen 570 miladiyya, bayan rasuwar mahaifinsa. Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi a cikin Banu Sa'ad. Muslim ya ruwaito tsaga ƙirjinsa daga Anas ɗan Malik. Mahaifiyarsa ta rasu a Abwa yana da shekara 6, kakansa yana da 8, sannan Abu Ɗalib ya riƙe shi. Buhari ya ruwaito cewa ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki. Hatta ƙissar Bahira, wadda Tirmizi ya kawo, Imam Zahabi ya soki matantinta. Idan magabata sun tsananta bincike a kan labarin da yake da isnadi, yaya za mu yi sakaci da wanda ba shi da shi? Hadisin da ya yi wa mai ƙirƙira wa Annabi ƙarya da gangan gargaɗi da wuta mutawatiri ne. Ban ce marubucin ya faɗa ƙarƙashinsa ba, amma mai kiwo a gefen shinge ya kusa afkawa gona.

Wasu za su ce matasa ba sa jure littattafan isnadi, dole a jawo su da labari. Damuwar gaskiya ce, amma maganinta gyara salo, ba ƙara wa tarihi gishiri ba. Ar-Rahiƙul Makhtum na Mubarakfuri ya ratsa duniya ba tare da ƙaga hira ko ɗaya ba.

Shawarata uku ce. Ɗalibi ya fara ƙoshi da ingantacciyar sira, kamar aikin Akram Diya'ul Umari, kafin ya buɗe irin wannan littafi, kuma ya karanta shi a matsayin adabi. Mai wa'azi da malamin yara kada su ɗebo daga cikinsa. Marubutanmu masu sha'awar wannan fage su ƙirƙiri attajiri ko makiyayi na wancan zamani idan sun so, amma da zarar sun iso gidan Annabta, su tsaya inda ruwaya ta tsaya.

Allah ne Mafi sani.