Sharhi: Zufar Kwantena Da Asarar Masu Fitar Da Amfanin Gona

Kowace shekara, da zarar an gama girbi, manyan motoci kan tashi daga kasuwar Dawanau a Kano, da Maigatari a Jihar Jigawa, da Kachiya a kudancin Kaduna, ɗauke da riɗi da zoɓo da citta da ƙaro, su nufi tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da Lekki da Onne. A wurin lodi akan auna kaya, a ƙirga buhuna, a rufe kwantena, a danna mata hatimi. Bayan makonni sai wani ɗan kasuwa ya sami saƙo daga Japan ko Turkiyya ko Jamus cewa an buɗe kwantenarsa, an tarar buhunan saman sun jiƙe, sun yi baƙi da fumfuna, don haka mai saye ya ƙi karɓa, ko kuma ya ce sai an zaftare masa farashi.

Abin da yawancin 'yan kasuwa kan fara zato shi ne ruwan teku ne ya shiga, ko kwantenar ce ke yoyo. Wani lokaci hakan na faruwa. Amma sau da yawa, idan masu binciken kaya suka duba, sai su tarar ƙarfen kwantenar lafiya lau, robar ƙofarta ba ta tsage ba, kuma ruwan da ya ɓata kayan ba shi da gishiri ko kaɗan. Ruwa ba ya tsami banza. Ruwan da ya jiƙa buhunan nan tun daga gida aka yi lodinsa tare da kayan, kuma mai kayan ne ya biya kuɗin dakonsa har ƙetare.

Yadda abin ke faruwa ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa ɗaga murfin tukunya ya ga ruwa na tsiyaya daga cikinsa. Iska mai zafi tana riƙe laima fiye da mai sanyi. A zafin digiri 30 na ma'aunin Salshiyas, iskar da ta cika fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya tana iya riƙe ruwa wajen giram 30. Idan ta huce zuwa digiri 10, abin da za ta iya riƙewa bai kai giram 10 ba, ragowar dole ta sauke shi. Kwantena kuwa akwatin ƙarfe ce. Da rana rufinta kan ɗau zafi ƙwarai, kayan da ke ciki su ɗumama su saki laima. Da dare ƙarfen kan riga kayan hucewa, sai laimar ta taru a jikin rufi kamar raɓa, ta yi ɗigo, ta zubo kan buhuna. Kashegari rana ta fito, a sake. Wannan ita ce zufar kwantena, kuma haka za ta yi ta maimaituwa kullum tun daga ranar lodi har ranar saukewa.

Lissafi zai nuna inda ruwan yake. Kwantena mai ƙafa 20 tana da fili kimanin mita 33 a irin awon da aka ambata. Ko da babu komai a cikinta sai iska mai cike da laima, duk ruwan da ke cikin iskar bai wuce lita ɗaya ba. To, a zuba mata riɗi tan 19. Idan danshin riɗin kashi 7 ne cikin 100, akwai ruwa lita 1,330 a cikin ƙwayarsa. Idan kashi 10 ne, ruwan ya kai lita 1,900. Bambancin da ke tsakani ya haura lita 500, wato kusan duro uku, kuma ɗan kasuwa ya saye shi ne a kan farashin riɗi. Wani ɗan ɓangare na wannan ruwa kawai ya isa ya jiƙa layin buhunan sama gaba ɗaya. Ke nan mafarin matsalar yana cikin kayan ne da buhunansu da katakon da aka ɗora su a kai.

Yanayin ƙasar nan da lokacin cinikinta suna ƙara wa abin ƙarfi. Riɗi da zoɓo da citta sukan shigo kasuwa ne daga ƙarshen shekara zuwa farkon sabuwa, lokacin da hunturu ya busar da Arewa. Daga nan kayan su yi tafiyar wajen kilomita 1,000 zuwa Legas, inda iska ke da nauyin laima kusan duk shekara. Idan aka sauke su a can, suka yi kwanaki a sito mara kyau kafin a zuba su a kwantena, busasshen kaya yakan sake shan laima. Sa'an nan jirgi ya tashi daga zafin gaɓar Afirka ta Yamma ya nufi Turai ko Japan ko arewacin Sin, inda a watannin Disamba zuwa Fabrairu sanyi ke kai wa ga ƙanƙara. Kaya masu ɗumi a ciki, ƙarfe mai sanyi a waje: ba abin da ya fi wannan kawo zufa. Shi kuwa kashu na Kogi da Kwara da Ogbomosho, wanda ake kai wa Indiya da Biyetnam, kakarsa kan kutsa cikin farkon damina, inda shanya ke wuya.

Masu shigo da kaya ma ba su tsira ba, sai dai tasu zufar ta bi ta wata hanya. Injuna da kayan ƙarfe da gwangwanaye da aka yi lodinsu cikin sanyin Turai ko Sin sukan iso nan da sauran sanyi a jikinsu. Iskar Legas mai ɗumi na taɓa su sai raɓa ta kwanta a kan kayan kansu. Sakamakon shi ne tsatsa, da kwalaye da suka yi laushi suka rushe, da takardun jikin gwangwani da suka saɓule, da yadudduka masu warin ruma.

Asarar ba ta tsaya a kan buhunan da suka jiƙe ba. Fumfuna tana samun wurin zama ne idan laimar iskar da ke tsakanin kaya ta haura wajen kashi 70 cikin 100, kuma akwai irinta da ke haifar da gubar da ake kira afalatoksin, wadda ke lahanta hanta. Duniya ta farga da wannan guba ne a 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ciyar da su da tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Brazil. Tun daga lokacin ƙasashe masu saye suke ta tsaurara awo. Dokar Tarayyar Turai ba ta yarda jimlar gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan ɗaya ba a gyaɗar da za a ci kai tsaye, ko kashi 10 cikin biliyan ɗaya a kayan yaji irin su citta. Ido ba ya ganin wannan adadi, kuma dafuwa ba ta kawar da gubar. Idan aka kama kwantena ɗaya, sunan ƙasar da ta fito ne ke shiga kundin gargaɗi, kuma kayan kowa ne za a riƙa tsayarwa ana bincike. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Wani abin da ya kamata 'yan kasuwa su sani tun kafin su shiga rigima shi ne doka ba ta cika tsaya musu ba a nan. Idan mai kaya ne ya yi lodin kwantena ya rufe ta, kamfanin jirgi kan rubuta a takardar shaidar ɗaukar kaya cewa lodi da jeri da ƙirga duk na mai kaya ne. Haka nan sharuɗɗan inshorar kaya na London, waɗanda aka fitar a 1982 aka yi musu gyara a 2009, kuma kamfanonin inshora da yawa ke aiki da su, sun cire asarar da ta taso daga ɗabi'ar kayan kanta, da wadda ta taso daga rashin kyakkyawan ɗauri ko jeri da mai kaya ya yi, da wadda jinkiri ya jawo. Wanda ya zuba ɗanyen kaya a kwantena yana iya rasa kayan, ya rasa diyya, ga kuma bashin banki na jiransa.

Akwai masu cewa laifin na tashoshin jiragen ruwa ne, domin kaya kan daɗe suna jira. Maganarsu tana da tushe. A shekarun da cunkoson Apapa ya yi tsanani, kafin a fara kiran motoci ta na'ura a 2021, mota kan yi makonni a layi, kuma kowace rana da kwantena ta yi a filin Allah ƙarin zufa ce. Amma jinkiri yana tona asirin danshi ne kawai. Kwantena biyu za su yi jira ɗaya a rana ɗaya, mai busasshen kaya ta isa lafiya, ɗayar ta isa da ruɓa. Wasu kuma kan ce rigakafin yana da tsada. Kuɗin takarda da jakunkunan shan laima na kwantena ɗaya ɗan ƙanƙanen abu ne idan aka kwatanta da darajar tan 19 na riɗi, balle kuɗin dawo da kayan da aka ƙi.

Matakan da ake bukata sanannu ne. Ƙa'idar lodin kwantena da Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2014 ta keɓe wa wannan matsala sashe guda. Na farko shi ne awo. Cizon ƙwaya da haƙori ko girgiza ta a hannu dabarar iyaye da kakanni ce, tana da amfani a gona, amma ba ta bambance kashi 7 da kashi 9. Sai da na'urar auna danshi, kuma a auna buhuna da dama daga wurare dabam-dabam, ba na bakin ƙofa kaɗai ba. Abin da aka saba nema a ciniki shi ne riɗi kada ya wuce wajen kashi 6 zuwa 7, koko kada ya wuce 8, ɗanyen kashu ya kasa 10, busasshiyar citta kada ta haura 12. Kayan da aka kwaso daga shanya da zafinsu a bar su su huce a inuwa kafin a ɗure su.

Na biyu shi ne kwantenar kanta. Mutum ya shiga ciki a rufe ƙofa, idan ya hangi haske ta wani wuri to akwai ɓula, a mayar da ita. Daɓenta na katako ne, kuma wadda aka wanke jiya takan riƙe ruwa ko da samanta ya bushe. Kada a karɓi mai jiƙaƙƙen daɓe, kuma kada a ɗora kaya a kan ɗanyen katako. A yi lodi a ƙarƙashin rumfa, ba cikin ruwan sama ko raɓar asuba ba, da busassun buhuna, musamman idan na algarara ne, domin shi ma yana shan ruwa.

Na uku shi ne jeri. A shimfiɗa kwali ko takarda mai kauri a ƙasa da jikin bango, a lulluɓe saman kaya da ita, don kada buhu ya taɓa ƙarfe. A bar tazara aƙalla taƙi guda tsakanin buhun ƙarshe da rufi. A rataya jakunkunan shan laima a ƙugiyoyin bango. Masu gishirin kalsiyam kuloraid suna iya shan ruwan da ya ninka nauyinsu, sun fi na yumɓu nesa ba kusa ba, kuma yawansu ya dace da tsawon tafiya da lokacin shekara. Sai dai aikinsu tsane iska ne, ba za su shanya ɗanyen kaya ba. A ƙarshe a rubuta awon danshi, a ɗauki hotuna, a sa mai bincike mai zaman kansa ya shaida, domin ranar gardama takarda ce ke magana.

Duk wannan ba zai yi tasiri ba muddin kasuwa tana biyan nauyi kawai. Tun da aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986, ciniki ya sami 'yanci, amma tantance daraja a wurin saye ya yi rauni. Idan farashin busasshen kaya da na mai danshi ɗaya ne, manomi ba shi da dalilin ƙara kwana biyu a shanya, shi kuma dillali maras tsoron Allah yana da dalilin yayyafa ruwa. Daga baya ƙaiƙayi kan koma kan masheƙiya, domin idan masu saye na ƙetare suka juya baya, farashin kowa ne ke faɗuwa. Wajibi ne manyan masu saye su riƙa bambanta farashi gwargwadon bushewa, su kuma faɗi haka a fili tun farkon kaka.

Hukumomi ma suna da nasu rabon. Tashoshin kan tudu na Kaduna, da aka buɗe a 2018, da Dala a Kano a 2023, da Funtuwa a 2024, sun ba da damar a yi lodi a busasshiyar iskar Arewa, a rufe kwantena sau ɗaya, ba sai an sake buɗe ta a gaɓar teku ba. Ya kamata Majalisar Masu Safarar Kaya ta Nijeriya da Hukumar Kwastan su tabbatar cewa binciken da aka yi a can ya wadatar. Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, da Hukumar Duba Amfanin Gona ta Tarayya, da Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona mai hedkwata a Ilorin, su haɗa kai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa a kafa wuraren awon danshi a Dawanau da Maigatari da Kachiya da sauran manyan kasuwanni, a kuma horar da 'yan dako da masu jeri da harshen da suke ji. Bankunan da ke ba da rancen fitar da kaya su sa takardar awon danshi cikin sharuɗɗansu.

Gwamnatoci sun daɗe suna kiran a rage dogaro da man fetur, kuma riɗi da koko da kashu suna cikin kayan da suka fi kawo wa Nijeriya kuɗaɗen musaya a bayansa. Manomi ya yi nasa a gona, direba ya yi nasa a hanya. Abin da ya rage shi ne 'yan sa'o'in nan na ranar lodi, kuma a hannun mai kaya suke. Duk ɗan kasuwar da ke shirin kakar bana, ya fara da sayen na'urar auna danshi kafin ya nemi jirgi.