An kore ta daga kilinik, ba a kore ta daga sana'a ba

Yau ina so mu taɓa zancen ma'aikatan jinya da aka sallama daga aiki, musamman a kilinik masu zaman kansu da ke ta ƙaruwa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Ga yadda abin ke tafiya. Yarinya ta yi shekara 3 tana karatu a ENSP ko wata lakwal ta lafiya, ta fito da diplom, ta yi aikin sa-kai a CSI ba ko dala, daga baya ta samu kilinik. Sai ta tambayi albashinta da aka riƙe, ko ta ƙi kwanan gardi uku a jere, a ce ta tattara kayanta. Ta kai dosiye wani wuri, sabon maigida ya ɗauki salula ya kira tsohon: "Alhaji, wance ta yi aiki wajenka, yaya halinta?" Amsar minti guda ta isa ta rufe mata ƙofa a gari duka, don masu kilinik sun san juna. Ita ko ba wanda ya ji ta bakinta.

Ni a ganina wannan zalunci ne, kuma mu duka yake cuta. Je ka CSI na ƙauye lokacin damina, ka ga mutum ɗaya yana awo, yana allura, yana karɓar haihuwa, layin yara masu masassara har waje. A ce ƙasa mai wannan ƙarancin hannu ta bar masu diplom zaune gida saboda fushin mutum ɗaya?

Wani zai ce: to idan sakacinta ya kashe majinyaci fa? Gaskiya ne, rai ba abin wasa ba ne. Wanda ya saci magani ko ya yi ganganci da ran mutum, a rubuta laifinsa, a saurare shi, a hukunta shi a fili. Abin da na ƙi shi ne a zuba shi cikin kwando ɗaya da wadda laifinta kawai neman haƙƙinta.

Doka ma ba ta bar wa maigida wuƙa da nama ba. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ce kora sai da dalili na halal. Ta kuma wajabta wa maigida ya ba ma'aikaci takardar shaidar aiki idan sun rabu: ranar shiga, ranar fita, da aikin da ya riƙe. Ba wurin rubuta zagi ba ne. Idan ya hana, akwai Inspection du Travail inda ake fara sulhu, in ya gagara sai kotun ƙwadago.

To ke ƴar uwa, kai ɗan uwa da abin ya sama, kar ku shige ɗaka. Ku karɓi takardarku, ku adana kwantaragi da duk shaidar albashi. Mai kilinik ba shi kaɗai ya ga aikinku ba: akwai manjon CSI da kuka yi staj hannunsa, da malaman lakwal, da ungozomar da kuka kwana gardi tare. Ku nemi shaidarsu a rubuce. Ku yi rajista a ANPE, ku sa ido kan aikin wucin gadi da ƙungiyoyin agaji ke ɗauka lokacin da masassara da tamowa suka yi yawa, kamar a Madarunfa da Magarya. Wata uku na aiki mai kyau sabuwar shaida ce. In an tambaye ku dalilin barin tsohon wuri, ku faɗi gaskiya a taƙaice, ba ƙarya, ba zagin kowa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sandika kuma, irin su SUSAS, su waiwayi ƴan kilinik, don su ne ake kora ba mai tsaya musu. Masu ɗaukar aiki, kafin ku yarda da abin da aka faɗa muku a salula, ku kira mai dosiyen ku ji nasa.

In kun san wanda aka hana wa takardarsa, ku tura masa wannan rubutu, ku raka shi Inspection.