Kankare ko kwalta: Ƙasar da ke ƙarƙashin titi ce aka manta da ita

Tun da David Umahi ya karɓi ragamar Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya a watan Agustan 2023, muhawarar gina hanyoyi a Najeriya ta koma kan tambaya guda: kankare ko kwalta? Ministan ya tsaya kai da fata cewa manyan hanyoyi su koma na kankare mai rodi, kuma a kan wannan tsari aka ƙaddamar da titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba da na Sakkwato zuwa Badagry a 2024. Shi ma sashen Abuja zuwa Kaduna, wanda aka soke kwangilarsa a ƙarshen shekarar aka bai wa wani kamfani, da kankare ake shimfiɗa shi.

Hujjar gwamnati ba ta yarwa ba ce. Siminti a gida ake yin sa, daga Obajana zuwa Ashaka da Kalambaina, ita kuwa kwalta sai an sayo ta da dala. Ga shi kankare ba ya laushi a zafin bazara har tayoyin tirela su yi masa kwari.

Sai dai duk wannan magana ce a kan shimfiɗar sama, alhali titi daga ƙasa yake fara mutuwa. Kafin a zuba komai, ƙa'ida ita ce a kwashe ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi, a gwada ƙarfin wadda ta rage, sannan a yi ciko hawa-hawa. Kowane hawa ba ya wuce santimita 15 zuwa 20, a jiƙa shi daidai gwargwado, rola ta daɓe shi kafin a ɗora wani. Gwajin da injiniyoyi ke kira CBR shi ke nuna nauyin da ƙasa za ta iya ɗauka, kuma ƙa'idojin ma'aikatar na 1997 sun nemi maki 80 ga hawan da ke dab da kwalta, 30 ga na ƙarƙashinsa. Ba kowace jar ƙasa ce ke kaiwa nan ba; wata sai an gauraya ta da siminti.

A nan ne halin shimfiɗun biyu ya bambanta. Kwalta tana bin ƙasa: in ta lotsa, ita ma ta lotsa, rami ya fito, a yi faci. Kankare kuwa yana baza nauyi a faɗinsa, shi ya sa ya fi haƙuri da ƙasa mai rauni. Abin da ba ya yafewa shi ne ƙasar da ba ta daidaita ba. Idan ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, kowace babbar mota da ta taka sai ta matso laka waje ta gefe ko ta tsaga, a hankali kogo ya samu, ranar da nauyi ya fi ƙarfinsa ya karye. Wannan ba a yi masa faci da tukunyar kwalta da shebur. Sai an yanke, an fasa, an sake zubawa, sannan a rufe hannun titin ana jiran sabon kankaren ya yi ƙarfi.

Arewa maso Gabas ta san wannan darasi. Baƙar lakar da ke tsakanin Dikwa da Gamboru Ngala, da irinta a hanyar Cham zuwa Numan, tana kumbura da damina, ta tsuke ta daddare da rani. Duk abin da aka ɗora mata, da shi take hawa da sauka. Maganinta a kwashe ta a kawo wata, ko a gauraya ta da farar ƙasa, a ɗaga titin sama da inda ruwa ke kwanciya, a yi masa lambatu da kwalbatoci masu isa. Titin Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon sama da kilomita 1,000, zai ratsa rairayin Arewa da fadamun Kogin Neja da dausayin Legas. Zane ɗaya ba zai yi wa waɗannan duka ba.

Sai batun lodi. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan layin taya guda, ɓarnar da yake wa titi takan ninku kusan sau 16. Ba sai an faɗa ba, tirelolin siminti suna cikin waɗanda za su fi gwada sabon kankaren.

Abin da ya sa aikin ƙasa ke da sauƙin ha'inci shi ne binne shi ake yi. Ranar buɗe titi kyamara kan ɗauki shimfiɗar sama da fentinta, babu mai ganin ko an daɓe ciko a hawa shida ko an juye shi lokaci guda. Sakamakon gwajin kowane hawa yana hannun injiniyan da ke sa ido, kuma da sa hannunsa ake biyan ɗan kwangila. Kwamitocin ayyuka na Majalisar Tarayya, waɗanda kan je rangadi su tsaya a kan kankare su yaba, suna da ikon neman waɗannan takardu kilomita bayan kilomita, musamman na cikon da aka yi a tsakiyar damina tsakanin Abuja da Kaduna.