Kafin A Aiko Da Injin Yankan Bututu Daga Ci-rani, A Fara Duba Wutar Gida

Duk wanda ya ratsa rumfunan masu walda a Birnin Ƙonni, Malbaza ko Illela ya san aikin bututun ƙarfe ba ya yankewa. Masu lambun albasa a Galmi na neman ƙafafun tankin ruwa, 'yan kasuwar Badagishiri na neman ginshiƙan rumfa. Shi ya sa idan ɗan'uwa da ke Abijan, Libiya ko Amurka ya tambayi ƙanensa jarin da zai aiko masa, sau da yawa amsar ita ce injin yankan ƙarfe mafi sauri. To amma injin da ya burge a bidiyo na iya zuwa gida ya kwanta a kwali, kuɗin gumi ya tafi a banza.

Abu na farko shi ne wuta. Nijar na aiki da bolt 220, Amurka kuwa 120. Injin Amurka da aka jona kai tsaye ƙonewa zai yi. Ita ma wutar NIGELEC ba a dogara da ita ɗari bisa ɗari. Mutanen yankin ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar har tsawon watanni, duk da tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018. Babbar giranda na cin wat 2,000 ko fiye, kuma a daidai lokacin tashi tana jan wutar da ta zarce haka. Ƙaramin janareto ba zai ɗauke ta ba.

Na biyu, girman bututun. Injin zarton tebur mai faifan milimita 355 yana datse bututun inci 4 cikin sauri kuma a miƙe, amma daga inci 6 sai an riƙa juya bututun. Giranda mai faifan milimita 230 tana yanka wanda ya fi haka, domin kaurin bango kawai za ta ci tana zagayawa, muddin an ja layi daidai. Idan bangon ya yi kauri sosai, ko aikin yana ƙauyen da babu lantarki, wutar yankan gas ta fi su duka, sai dai tana barin baki mai kaushi, kuma ba ta yanka alminiyam ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Injin filasma yana da sauri da tsabta, amma sai da kwamfaresa da wuta mai ƙarfi.

Wasu za su ce ai sana'a ba ta ci gaba da tsoron manyan injuna, su kawo misali da bututun mai na inci 20 da kamfanin CNPC ya shimfiɗa daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, tsawon kusan kilomita 2,000. Gaskiya ne, amma wannan aikin ya zo da wutarsa, injiniyoyinsa da kayan gyaransa. Mai walda a Illela kuwa, idan faifai ya ƙare ko gawayin injin ya cinye, kasuwar Ƙonni ce gatansa, in ta ƙi sai Sakkwato. Injin da ba a samun kayansa a waɗannan wurare aikinsa na ɗan lokaci ne.

Sai batun rai, wanda ya fi komai. An saba ganin yara sun cire murfin ƙaramar giranda sun ɗaura mata babban faifai don a gama da wuri. Ƙaramar tana juyawa kimanin sau 11,000 a minti, babban faifan kuma an yi shi ne don wajen 6,600. Idan ya tarwatse, fuska da wuya yake nufa. Faifan yanka yana da wa'adi da ake bugawa a zoben tsakiyarsa, a duba kafin a biya. A tallafe bututu ta yadda ba zai matse faifan ba. Bututu mai rufin zinki hayaƙinsa na sa zazzaɓi, a yanka shi a fili. Wanda ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, a garin iyaka irin Ƙonni da mai ke yawo a jarka da duro, kada tartsatsi ya kusance shi.

Don haka mai aiko da jari ya fara tambayar ƙanensa girman bututun da ake kawo masa, ƙarfin janaretonsa, da faifan da ake samu a kasuwa. Ga yawancin rumfunan yankin, giranda mai kyau ta milimita 230 da murfinta, tabarau, safar hannu da kwalin faifai na asali sun wadatar. Ragowar kuɗin a ƙara a sayi janareton da zai iya ɗaukar ta.